Tayoyin Ranar Gwaji

Shafi na 17

Masu bibiya, na ga saƙonninku duka, har da na masu yi mini faɗa. Jiki ne ya ɗan taɓa ni kwana biyu. Mu koma inda muka tsaya.

*

Ran Alhamis wa'adin ya cika.

Mako biyu ke nan da wurin gwajin motoci ya kayar da tsohuwar motar Efo Agbeko a kan abu uku: burki, fitilar hagu, da tayoyi huɗu da suka suɗe tas kamar tafin hannu. Aka miƙo masa takarda mai jan rubutu, aka ce ya je ya gyara ya dawo. In ya bari ranar ta wuce, sai dai ya faro komai daga tushe.

Bai samu ya tsaya a kan gyaran da kansa ba. Washegari aka yi masa rasuwa a ƙauye, ƙanin mahaifiyarsa, kuma ba yadda za a yi a binne ba ya nan. Ya damƙa wa ɗansa Selom makulli da ɗan abin da ya tara, ya tafi. Sai jiya da yamma ya dawo Lome, ƙafafu a kumbure, murya a dushe saboda waƙoƙin coci da gaishe-gaishe.

Da safe Selom ya riga shi fita.

"Papa, ka same ni can. Zan je in kama mana layi."

Efo Agbeko ya biyo baya a motar haya. 'Yan acaɓa sun yi ta tsayawa gabansa suna danna masa oda, ko kallonsu bai yi ba. Rabonsa da hawa babur tun ran da ya tarar da Selom kwance a asibiti, an saka masa ƙarfe a ƙafar dama, rigar acaɓarsa yashe a ƙarƙashin gado duk jini. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan. Yaron ya warke da ɗan ɗingishi, ya kuma koma kan babur, don ba shi da wata sana'ar. Tun daga lokacin, duk sanda waya ta yi ƙara sai gaban Efo Agbeko ya faɗi.

Shi ya sa ya yi masa alkawari a gaban mahaifiyar yaron. In motar nan ta ci gwaji, taka ce. Ka ajiye babur, ka riƙa ɗaukar fasinja daga Lome zuwa Kpalime. Ko ba komai ƙarfe zai kewaye ka.

Ya sauka a bakin ƙofar wurin. Layin motoci ya miƙe har bayan rumfunan masu faci. Ya hango tasu, ita ce ta tara daga gaba, ya nufe ta yana jan ƙafa. Sai ya ja ya tsaya.

Tayoyi huɗu, baƙaƙe wuluk, sai sheƙi suke yi.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya cusa babban yatsansa cikin zanen ta gaba. Yatsan ya nutse. Ya zaga ya taɓa sauran ukun.

"Selom."

"Na'am, Papa."

"Abin da na bar maka ne ya yi duk wannan?"

Selom na goge gilashi da tsumma, bai juyo ba.

"Ai ka ce in san yadda zan yi."

"Na faɗa."

"To, na san yadda na yi."

"Burkin fa?"

"Sabo ne. Fitila ma. Shiga ka taka ka ji."

Ya shiga ya taka. Burkin ya tsaya masa ƙyam a ƙarƙashin ƙafa.  Shi ba mutum ba ne mai yabon ɗa a gaban idonsa, amma yau sai da ya leƙo ta taga.

"Ka yi ƙoƙari."

Selom ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas.

Sai da rana ta take aka zo kansu. Mai gwajin dogo ne siriri cikin shuɗin kayan aiki, kowa Shef yake ce masa. Shi ne ya kayar da su wancan karon. Ya karɓi takardar mai jan rubutu ya duba, ya yi wa Selom alama da hannu ya hau kan ramin.

Efo Agbeko ya tsaya bayan layin da aka shata wa masu motoci, hularsa a hannu yana murza ta.

Shef ya sauka ramin da tocila. Ya girgiza nan, ya ƙwanƙwasa can. Ya fito, aka ɗora tayoyin gaba a kan ƙarafan nan masu juyawa.

"Taka!"

Selom ya taka. Motar ta yi tsalle ta tsaya. Wasu lambobi suka fito a allo. Efo Agbeko bai san ma'anarsu ba, fuskar Shef kawai yake karantawa, ita kuwa ba ta faɗar komai.

Aka gwada na baya. Aka haska fitilu cikin wani akwati. Aka zura bututu a salansa.

"Buɗe baya."

Ga gwangwanin kashe wuta ja jawur, ga alamar tsayawa mai kusurwa uku, ga akwatin magani fari. Efo Agbeko ya girgiza kai a ransa. Har da waɗannan yaron ya tuna.

Daga ƙarshe Shef ya zo kan tayoyin. Ya shuri ta gaba da takalmi. Ya daɗe yana kallonta. Ya kalli Selom, ya juyo ya kalli dattijon da ke murza hula, ya saki wani dogon numfashi.

"Baba, ɗanka ne?"

"Nawa ne, Shef."

"Ya iya zaɓen taya."

"Na gode, Shef. Allah ya saka."

Aka buga hatimi. Aka manna 'yar takarda a gilashin gaba, aka miƙo musu babbar. Efo Agbeko ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta a hankali ya saka a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli a kanta.

Da suka fito ƙofa, maimakon Selom ya hau titi sai ya karya kan motar ya tsaya gaban wata rumfar faci.

"Lafiya?"

"Iska zan sa a duba. Papa, ba ka karya ba tun safe, kuma ga maganinka. Je ka tsallake can ka ci ayimolu, shinkafa da waken nan, matar ta iya."

Yunwar kuwa yana jin ta har a gwiwa. Ya miƙa hannu ya zare makullin daga jikin motar.

"Wannan a gida zan ba ka. Gaban mamarka. Sai an yi addu'a a kansa tukuna."

Selom ya buɗe ƙofa ya fito daga motar.

A tsallake Efo Agbeko ya zauna kan benci, ya juya wa titi baya saboda rana. Kafin a zubo masa ya kira matarsa.

"Abla, mun ci."

Ihun da ta yi sai da ya janye wayar daga kunne. Ta fara waƙar godiya, ta katse, ta ce kaza za ta yanka, ta sake ɗaukar waƙar. Ya ce ta bari su iso tukuna. Ya ajiye wayar, ya jawo kwanon shinkafa da waken, ya haɗiyi maganinsa da ruwan leda.

Loma ta biyar ce a hannunsa mai abincin ta nuna bayansa da ludayi, ta kira shi Efo, kamar yadda ake kiran duk wani babba a nan.

"Efo, ba motarka ba ce ake kwance wa ƙafafu?"

Ya waiga.

Motar ta karkace a kan jak. Tayar gaba ɗaya tana ƙasa. Wani gajere mai tumbi, cikin singiletin da baƙin mai ya rina, yana tsugune yana kwance notin ta biyu yana fito da baki.

Bai san sanda ya tsallake titin ba.

"Kai! Kai! Me kake yi?"

Mutumin ya ɗago yana murmushi.

"A'a, Efo! Barka da nasara. Ɗan matsa kada sifana ta sauka a ƙafarka."

"Na ce me kake yi wa motata?"

"Kayana nake kwashewa."

"Kayanka?"

"'Yan matana." Ya shafa tayar kamar mai shafa kan jariri. "Su huɗu cif. Makon nan wannan ce fitarsu ta uku. Ga mai jiransu can, layinsa ya kusa, tun ɗazu yake harara ta."

Efo Agbeko ya bi yatsan da kallo. Wata mota ce a gefe an ɗora ta kan bulo, ba taya ko ɗaya, mai ita na zaune a kan boneti yana fifita da jarida. Kusa da ita an jera wasu tayoyi huɗu, ɗaya kan ɗaya, sumul kamar an goge su da dutse. An rubuta SELOM da farin alli a jikin ta sama.

Ya san su. Shekara shida yana hawansu.

"Ka tambayi kowa a layin nan, a ce maka Atsu," in ji mai facin, yana ci gaba da juya sifana. "'Yan matan nan ba su taɓa faɗuwa ba. Sun fi ɗana cin jarrabawa. Shi sau uku yana maimaita aji ɗaya."

Selom na tsaye a bayan motar, gwangwanin kashe wuta a hannu ɗaya, akwatin magani a ɗayan. Ya ajiye su a hankali a bakin rumfar.

"Su ma?" in ji Efo Agbeko.

"Su ma, Papa."

"Me ya rage nawa a motar nan?"

"Burki naka ne. Fitila taka ce. Na rantse."

"Ka rantse."

"Papa, ka saurare ni..."

"Na durƙusa a gaban jama'a na sa yatsa cikin tayar wani. Na ce maka ka yi ƙoƙari. Kana ji kana goge gilashi."

"Abin da ka bari bai kai ba! Burki kaɗai ya kusa cinye shi. Na zaga kasuwar gwanjo har sau biyu, ko taya biyu masu kirki ba zai saya ba."

"Ba ni da waya ne?"

"Kana wurin binne Kawu, jininka a sama. In kira ka in ce me? Ka tono kuɗi daga kabari?"

"Kai, ka iya bakinka."

Selom ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri. Amma wa'adin yau ne. Da ka so in yi yaya? Kowa a layin nan haka yake yi. Ka duba ka gani. Rabin motocin da ke ciki, ƙafafun aro ne a jikinsu."

"Ba ƙarya," in ji Atsu daga ƙasa. "Har wani fasto ina da shi, duk shekara."

"Ban sa da kai ba."

"Na yi shiru, Efo."

Efo Agbeko ya juyo ga ɗansa. Muryarsa da ta dushe ta ƙi tashi, sai ta fito kamar raɗa.

"Hanyar Kpalime. Damina ta kama. Mutum shida a ciki, wata da goyo a cinya. In ka taka burkin naka sabo a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, me zai riƙe ƙasa? Takardar?"

"A hankali zan riƙa tafiya."

"Haka ka ce mini ran da ka ɗauki babur."

"Wata ɗaya kawai, Papa. In yi aiki wata ɗaya in sayi biyu na gaba. Wata na biyu in sayi na baya."

"Wata ɗaya safara nawa ce?"



Atsu ya mirgino tsohuwar taya ya ɗaura, ya ɗaure noti, ya sauke jak, ya ja shi zuwa baya. Hannunsa ya saba, ko kallon abin da yake yi ba ya yi.

"Ba zan ba ka makullin nan ba," in ji Efo Agbeko.

"Ka yi alkawari. Gaban Mama."

"Na ce in ta ci gwaji."

"Ta ci!"

"'Yan matan Atsu ne suka ci."

Mai fifita da jarida ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya rufe baki.

 Selom ya kama gefen rigarsa ya ɗaga har hammata.

Daga haƙarƙari zuwa ƙugu fata ta sale, ta yi baƙin ɓawo, gefenta shuɗi da kore. An shafa jan magani a kai.

Efo Agbeko ya matso kusa ya duba.

"Mene ne wannan?"

"Ran Asabar. A shataletale. Tirela ce ta goge ni."

"Asabar ɗin nan da ta wuce?"

"Da ta ƙara matsowa taƙi ɗaya, da daga waccan binnewar sai ka zarce wata."

"Mamarka ta sani?"

"Ita ta wanke mini. Ita ta ce kada a faɗa maka."

Selom ya saki rigar.

"To ka zaɓa, Papa. Taya huɗu masu sanƙo, ko taya biyu na babur. Don in ba ka ba ni ba, gobe da asuba zan sa rigata in fita. Ba zan zauna a gida Mama na ciyar da ni ba, shekarata ashirin da bakwai."

Efo Agbeko ya laluba bayansa, ya zauna a kan wata tsohuwar tayar babbar mota da ke bakin rumfar. Zafinta ya ratsa wandonsa, bai motsa ba. Gajiyar mako biyu ce ta sauko masa gaba ɗaya, ta hanya, ta makoki, ta tsayuwar layi. Ya so a ce wani ne zai yanke wannan maganar ba shi ba. Ya so ya kwanta.

Atsu ya mirgino taya ta uku ta gabansa, ya ɗan tsaya.

"Efo, in faɗi gaskiya saboda Allah? Ukun nan za su iya kai Kirsimeti in ba a matsa musu ba. Waccan ta bayan ce kawai ba na so." Ya nuna wadda ta rage a ƙasa. "Ta fara fito da gashi."

Efo Agbeko ya miƙa hannu ya shafa ta. Wani abu ya soke shi. Ya duba yatsansa, ga ɗigon jini. Siraran wayoyi ne suka ɓullo ta cikin robar, layi guda, tsawon tafin hannu.

"A baya take ai," in ji Selom da sauri. "Ta baya ba ta da matsala kamar ta gaba."

 Uban ya goge yatsan a wando. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taɓa aljihun gaba, ya juya ya nufi ƙofar wurin gwajin.

"Papa, ina za ka?"

Bai waiga ba.

"Papa! In ka shiga can ka gama da ni!"

"Efo, don Allah kada ka ambaci sunana," Atsu ya ɗaga murya. "Ina da iyali!"

Ya tarar da Shef a cikin rami ƙarƙashin wata mota. Ya tsaya ya jira har ya gama da ita, ya fito ya zauna a teburinsa yana goge hannu da tsumma.

"Baba, ka manta wani abu ne?"

Efo Agbeko ya ɓalle maɓallin aljihu, ya fito da takardar, ya warware ta a kan tebur. Bai ɗauke hannunsa daga kanta ba.

"A sake gwada ta. Da tayoyinta."

Shef ya dube shi, ya dubi takardar.

"Ni abin da ya hau ramina nake dubawa. Abin da ke faruwa bayan ƙofa, ba ni da ido a can."

"Amma ka gane su."

Shef ya ninke tsumman ya ajiye.

"Na san su kamar 'ya'yan cikina. Sai dai ba a ba ni ikon tambayar taya gidan ubanta ba." Ya murza idanunsa. "Shekara goma sha ɗaya ina wurin nan, ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda. Ka san abin da kake yi? In na karɓa, soke ta zan yi. Wa'adinka kuma yau ya cika. Komai sabo za ka faro."

"Na sani."

"Yaron ya yarda?"

 Baƙin ɓawon nan na haƙarƙarin Selom ne a idon Efo Agbeko.

Shef ya ɗora yatsu biyu a kan gefen takardar.

"To saki, Baba."

Bai saki ba. Bai kuma ja ba.

Daga can bayan katanga wani inji ya yi tari sau biyu, ya kama, salansa na karkarwa. Ko cikin motoci dubu ne Efo Agbeko ya san wannan tarin.

Ya cusa ɗaya hannun a aljihun wando. Makullin na nan.

Makulli ɗaya motar ke da shi tun ran da ya saye ta. Amma mako biyu ya yi ba ya gari, makullin na hannun Selom, ya isa a yanka wani.

Ya ji an saka giya.